Kowa Ya Ci Ladan Kuturu

Jama'a, duk lokacin da manyan jam'iyyu suka buga gangar fid da gwani sai ka ga kasuwa ta rabu. Mai tireda ya ce shi wane yake so, mai awon hatsi ya ce a'a, wane ya fi, dillali ya tsoma baki, har a kai ga zage-zage, wani lokaci ma a daina gaisawa. Alhali kuwa cikinsu duka babu wanda za a tambayi ra'ayinsa ranar zaɓen, babu kuma wanda waɗannan 'yan takara suka san da zamansa a duniya. Wannan abu ya daɗe yana damunmu. Saboda haka a wannan mako muka ga ya kamata mu ɗauko muku labarin wani zaɓen fid da gwani da aka yi a ƙasar Amurka. Mun zaɓi Amurka ne domin daga can aka aro mana tsarin shugaban ƙasa a 1979, sa'an nan kuma dokarsu ta tilasta a bayyana yawancin kuɗin da aka zuba cikin takara, saboda haka ana iya bin sawun kuɗin har ƙofar gidan mai su.

Manyan jam'iyyun Amurka biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. Ita Rifablikan ita ce ta 'yan mazan jiya. Ra'ayinsu a taƙaice shi ne gwamnati ta cire hannunta daga harkar kasuwa, a rage wa kamfanoni da masu dukiya haraji, a rage abin da ake kashewa wajen taimakon marasa ƙarfi, a kuma riƙe addini da al'ada yadda aka gada. A shekara ta 2012 Barack Obama na Dimokurat ne ke bisa kujera, yana neman komawa karo na biyu. Sai ya zama tilas 'yan mazan jiya su fid da mutum ɗaya wanda zai kara da shi.

Yadda suke yi kuwa, ba taro ɗaya ake kira a gama a dare ɗaya ba. Jiha-jiha ake bi, tun daga watan Janairu har Yuni. A yawancin jihohi kowane ɗan jam'iyya na ƙasa yana da ikon fitowa ya jefa ƙuri'arsa, sa'an nan a raba wakilan jihar bisa ga abin da ƙuri'a ta nuna. A wannan shekara wanda ya tara wakilai 1,144 shi ne ɗan takara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Waɗanda suka fito suna da yawa, amma huɗu ne suka kai nisa. Akwai Mitt Romney, tsohon gwamnan jihar Masacuset, attajiri ne wanda ya tara dukiyarsa ta wajen sayen kamfanoni da sayar da su. Akwai Newt Gingrich, wanda ya yi Kakakin Majalisar Wakilai daga 1995 zuwa 1999. Akwai Rick Santorum, tsohon ɗan Majalisar Dattawa daga Fensilbaniya, wanda ya fi kowa kafa tutar addini. Sa'an nan ga wani dattijo likita daga Tekzas, Ron Paul. Ban da su akwai gwamnan Tekzas na lokacin, Rick Perry, da wata 'yar majalisa, Michele Bachmann, da wani tsohon shugaban kamfanin sayar da abinci, Herman Cain, da wasunsu.

'Yan jam'iyyar na ƙasa da yawa ba su amince da Romney ba. Suna ganin bakinsa ne ɗan mazan jiya, zuciyarsa ba haka take ba, domin sa'ad da yake gwamna, a 2006, ya sa hannu a wata dokar inshorar lafiya wadda ta yi kama ƙwarai da wadda Obama ya kawo wa ƙasa duka a 2010, ga shi kuwa yanzu yana rantsuwa zai soke ta Obama. Don haka suka yi ta neman wani. Yau su ɗaga Bachmann, gobe su yar da ita su ɗauki Perry. Shi Perry ranar wata muhawara a watan Nuwamba na 2011 ya ce in ya hau zai rushe ma'aikatu uku, ya faɗi biyu, ta ukun ta ɓace masa ƙaf a gaban duniya. Ma'aikatar makamashi ce ya manta, kuma abin dariya, ita ce aka ba shi ya riƙe a 2017. Daga Perry suka koma kan Cain, daga Cain sai Gingrich, daga Gingrich sai Santorum. Kowanne ya hau mumbari abin da yake faɗi ɗaya ne: ni ne ɗan mazan jiya na ainihi, sauran duk jabu ne.

To, wanda ya ji wannan hayaniya zai zaci akwai wani babban bambanci tsakaninsu. Bari mu gaya muku abin da ya faru ran 11 ga Agusta na 2011, a garin Ames na jihar Ayowa. An jera 'yan takara takwas ana muhawara ta talabijin. Mai tambaya ya ce musu, a misali an zo muku da sulhu, za a rage kashe kuɗin gwamnati da dala goma, a ƙara haraji da dala ɗaya tak, wanda zai ƙi wannan sulhu ya ɗaga hannu. Jama'a, duk su takwas suka ɗaga. Babu ko ɗaya da ya bar hannunsa ƙasa. Ku kuwa kun san in an ce za a rage kashe kuɗin gwamnati, ba abincin attajiri ake ragewa ba. Asibitin talaka ne, da makarantar ɗansa, da ɗan abin da ake ba tsoho da wanda ya rasa aiki. Watau sun yarda a yanki naman talaka sau goma, amma ba su yarda a tsaga fatar mai kuɗi sau ɗaya ba. A wannan minti guda duk wanda ke da ido ya ga duk kanwar ja ce.

Ku 'yan kasuwa, ku dubi shirin harajinsu, gama nan ne ake gane mutum. Herman Cain ya zo da wani shiri da ya laƙaba wa suna tara-tara-tara: kashi 9 cikin 100 bisa abin da mutum ya samu, kashi 9 bisa kamfani, kashi 9 kuma bisa duk abin da aka saya a kanti. Yana da daɗin faɗi, har yara suna iya haddace shi. Amma ku yi lissafi irin naku na kasuwa. Lebura duk abin da ya samu a wata, a watan yake kashe shi wajen abinci da sutura da haya, saboda haka harajin saye zai hau kan kowane kwabonsa. Attajiri kuwa ko ya yi almubazzaranci yaya, ɗan kaɗan ne daga cikin samunsa yake kai wa kanti, sauran yana ajiye yana haihuwa. Ka ga sunan harajin ɗaya, nauyinsa ba ɗaya ba. Mudu ɗaya ne aka auna wa mai buhu ɗari da mai tiya guda.

Shi Romney, da aka matsa masa, a watan Janairu na 2012 ya fito da takardun harajinsa. Sai aka ga a 2010 ya sami fiye da dala miliyan 21, amma harajin da ya biya bai cika kashi 14 cikin 100 ba. Dalili kuwa, yawancin samunsa ribar hannun jari ce, doka kuma ta yi wa irin wannan riba sauƙi fiye da ladan gumi. Gingrich fa? Shi cewa ya yi a soke harajin ribar hannun jari ɗungum. Har Romney da kansa ya ce masa a wajen muhawara, in da shirinka ake bi, ai da ni ban biya kome ba cikin shekara biyun nan. Ku ji fa, ɗan takarar da ke zagin attajiri shi ne ya zo da shirin da zai yafe wa attajirin haraji gaba ɗaya. Wannan Gingrich ɗin ne kuma ya ce dokokin da suka hana sa yara aiki wauta ce, ya kawo shawara a sallami masu sharar makarantu a unguwannin matalauta, a sa 'yan makaranta su yi sharar a riƙa biyansu. Santorum yana yawan ba da labarin kakansa mai haƙar kwal, yana cewa shi jinin leburori ne, amma babbar shawararsa ita ce a yafe wa masu masana'antu harajin kamfani baki ɗaya.

Me ya sa bakinsu ya zo ɗaya haka? A nan ne muke so ku tsaya ku natsu.

A watan Janairu na 2010 Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalai biyar bisa huɗu, ta yanke hukunci cewa ba za a hana kamfanoni da ƙungiyoyi kashe kuɗi wajen tallan siyasa ba. Daga wannan hukunci da wani da ya biyo bayansa aka sami wata sabuwar dabara. Doka ta ce a 2012 mutum ba zai ba ɗan takara fiye da dala 2,500 hannu da hannu ba a kowane zaɓe. To, sai a buɗe wani asusu a gefe, a ce wai ba na ɗan takara ba ne, na masoyansa ne, kuma wai ba sa shawara da shi. Wannan asusu ba shi da iyaka, ko miliyan nawa ka ga dama ka zuba. Su wa ke riƙe da asusun? Sau da yawa tsofaffin yaran ɗan takarar ne. An toshe ƙofa an bar taga a buɗe.

Ga yadda abin ya yi aiki. Gingrich ya sha kaye a Ayowa, ya sha a Niyu Hamsha, kowa ya ce tasa ta ƙare. Sai wani attajiri mai gidajen caca a Las Begas, sunansa Sheldon Adelson, ya zuba dala miliyan 5 cikin asusun gefe na Gingrich. Ran 21 ga Janairu Gingrich ya ci jihar Karolina ta Kudu da kashi 40 cikin 100, Romney ya sami 28. Matar Adelson ta ƙara wasu miliyan 5. Da aka isa Fulorida sai mutanen Romney suka buɗe tasu jakar, abin da suka kashe wajen talla ya ninka na Gingrich fiye da sau uku, kusan duk tallan kuwa na ɓata suna ne. Ran 31 ga wata Romney ya ci Fulorida, ya kwashe wakilanta 50 duka. Santorum ma yana da nasa uban gida, wani attajiri mai suna Foster Friess, wanda har tsayawa yake yi bayansa a kan dandamali. Watau abin da ake kira takarar mutum huɗu, in ka leƙa bayan labule, dambe ne na 'yan attajirai kaɗan, kowanne ya ɗaure wa nasa ɗan dambe hannu ya turo shi fage.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Gingrich ya janye a farkon watan Mayu. Kafin watan Yuni ya ƙare Adelson ya zuba dala miliyan 10 cikin asusun gefe na Romney, mutumin da kuɗinsa suka yi wata da watanni suna zagi. A wannan shekara kaɗai shi da matarsa sun kashe fiye da dala miliyan 90 a kan siyasa. Shin kuna tsammani sadaka ya yi? Mai gidan caca ya fi kowa sanin yadda ake zuba kuɗi a inda za su dawo. Shi bai damu da ko wane doki ya zo na ɗaya ba, muddin linzamin yana hannunsa. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Amma fa akwai amfani guda da talaka zai samu in irin waɗannan mutane suna faɗa da juna, shi ne ya kasa kunne. Abin da mu 'yan hamayya za mu shekara muna faɗi a ce ƙarya muke yi, ko hassada ce, su da bakinsu suke tona shi cikin mako guda. Asusun gefe na Gingrich ne ya fito da wani fim na kusan rabin sa'a yana nuna ma'aikatan da suka rasa abinci bayan kamfanin Romney, mai suna Bain, ya sayi wuraren aikinsu. Perry ne, ɗan jam'iyyarsu, ya kwatanta irin waɗannan kamfanoni da ungulu, wai suna zaune bisa reshe suna jiran kamfani ya yi ciwo su sauko su cinye nama su bar ƙashi. Akwai wata masana'antar ƙarfe a birnin Kansas da Bain ya saya a 1993, ta durƙushe a 2001, mutum wajen 750 suka rasa aiki. Romney ya ce shi ya bar kamfanin tun 1999, kuma akwai wasu wuraren da suka saya suka bunƙasa. Mun ji. Su kuma mutanen Romney suka tona cewa Gingrich ya karɓi wajen dala miliyan 1.6 daga wani babban kamfanin bashin gidaje da sunan ba da shawara, kamfanin da sai da gwamnati ta cece shi da kuɗin jama'a a 2008. Kowannensu gaskiya ya faɗa game da ɗan'uwansa. Da aka gama kuwa sai duk suka taru a birnin Tamfa a watan Agusta, aka rungumi juna, aka ce wa jama'a su manta.

Mantuwar ma da gangan aka shirya ta. A watan Maris wani babban mashawarcin Romney ya faɗi a talabijin cewa in an gama fid da gwani sai a sake sabon lale, ya kwatanta abin da wani allon wasan yara wanda in ka girgiza shi duk zanen da ke kai sai ya goge. Mu a nan sai mu ce wanke allo. Watau duk alkawarin da aka yi wa 'yan jam'iyya tawada ce, ana gamawa a wanke. To, in abin da ya faɗa a fili tawada ne, ina maganarsa ta gaskiya? Ita ma Allah Ya tona ta. A watan Mayu na 2012 an yi wata liyafa a wani gida a Fulorida, kuɗin zama dala 50,000 kowane mutum. Wani ma'aikaci mai raba abin sha ya ajiye 'yar kyamararsa tana ɗauka. A cikin ɗakin nan Romney ya gaya wa masu kuɗi cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen ƙasar ba sa biyan harajin samu, sun dogara ga gwamnati, kuma ba aikinsa ba ne ya damu da su. Su wane ne waɗannan mutane? Da yawansu tsofaffi ne da suka gama aiki, da ma'aikata masu ƙaramin albashi waɗanda ake cire musu wani harajin tun kafin albashi ya iso hannunsu. Hoton ya fito a watan Satumba. Ran 6 ga Nuwamba Obama ya ci da ƙuri'un wakilan jihohi 332, Romney ya tashi da 206.

Kada wani ya ce mun yi musu kuɗin goro ba bisa adalci ba. Akwai 'yan bambance-bambance. Ron Paul, alal misali, ya ƙi yaƙin Iraƙi, ya ce Amurka ta daina kai sojanta ƙasashen mutane, har 'yan jam'iyyarsa suka yi masa ihu a wajen muhawara da ya ce kada a yi wa wata ƙasa abin da ba a so a yi wa tasu. Wannan magana ce ta mutunci, mun yaba. Amma shi ɗin ne kuma ya ce zai rushe ma'aikatu biyar, har da ta ilmi da ta gidaje. Bambancinsu yana wajen murya, da addini, da harkar waje. In aka zo kan tambayar wa zai ɗauki kaya, wa zai hau doki, nan fa jirgi ɗaya ya kwaso su.

Yanzu mu koma kan abin da muka ce ku riƙe. Duk da wannan ruwan kuɗi, ƙuri'ar ɗan jam'iyya na ƙasa tana da haƙori a Amurka, kuma ba za mu ɓoye wannan ba. Santorum ba shi da kuɗin kirki sa'ad da ya fara. Motar a-kori-kura ya shiga ya zaga gundumomin Ayowa 99 duka, yana zama da mutane goma-goma, ashirin-ashirin. Daren zaɓe, 3 ga Janairu, aka ce Romney ya ci da ƙuri'a 8. Bayan mako biyu da aka tantance sai ga shi Santorum ne ke gaba da ƙuri'a 34. Kafin ya janye ran 10 ga Afrilu sai da ya ci jiha 11. A zagaye na gaba ma abin ya fi haka. A 2016 mutum 17 suka fito. Manyan jam'iyya da masu kuɗi suka taru bayan Jeb Bush, ɗan shugaban ƙasa kuma ƙanen shugaban ƙasa, asusunsa na gefe ya tara fiye da dala miliyan 100. Wakili nawa ya samu? Huɗu. Ya janye tun watan Fabrairu. 'Yan jam'iyya na ƙasa, waɗanda masana'antun garuruwansu suka rufe, sun gaji da gafara sa ba su ga ƙaho ba, suka juya wa manya baya.

Sai dai ina suka kai fushin nasu? Wurin Donald Trump, wani attajirin. Shi da bakinsa ya gaya musu a muhawarar Agusta ta 2015 cewa yana ba 'yan siyasa kuɗi, in kuma bukatarsa ta tashi ya kira su sai su amsa. Jama'a suka ce madalla, ga wanda ba za a iya saya ba. Ya hau a watan Janairu na 2017. Wa ya ba da dala miliyan 5 don bikin rantsar da shi? Adelson ɗin nan dai mai gidan caca. Wa aka ba ma'aikatar kuɗi? Wani tsohon ma'aikacin babban bankin Goldman Sachs. Kafin shekarar ta ƙare, ran 22 ga Disamba, ya sa hannu a dokar da ta sauko da harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. Mafi ƙarancin ladan lebura na tarayya kuwa, dala 7.25 a sa'a, wanda aka yanka tun 2009, yana nan inda yake har aka gama wannan zango a 2021. An sayar da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙuri'a tana hannunsu, amma kasuwar da aka kai su duk hajar mutum ɗaya ce aka baza.

Wannan 'yancin jefa ƙuri'a ma ba kyauta aka ba su ba. Da can manyan jam'iyya ne ke kulle ɗaki su fid da wanda suke so. A 1968 jam'iyyar Dimokurat ta tsai da Hubert Humphrey alhali bai shiga zaɓen fid da gwani na ko jiha ɗaya ba, aka yi tarzoma a titunan Shikago, 'yan sanda suka yi ta dukan matasa. Bayan wannan ne aka sake dokoki, tun daga 1972 ƙuri'ar 'yan ƙasa ta zama ita ce mai yanke hukunci, Rifablikan ma suka bi sahu.

To, mu fa? Mun aro rigar, mun bar wandon. Dattawanmu suna tune da zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa. 'Yan NEPU suka yi nasara a matakin farko cikin birnin Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe, inda En'e ke da ikon cusa mutanenta, ko mutum ɗaya nasu bai shiga Majalisar Kaduna ba. Aka tace ƙuri'ar talaka har ta ƙare a rariya. Shekara saba'in bayan haka, dubi abin da manyan jam'iyyu biyu suka yi a 2022. Ɗaya ta sa wa takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, ɗaya miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne a wata. Ma'aikacin da ke karɓar wannan, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 da 'yan watanni kafin ya sayi takardar miliyan 100. Masu zaɓen kuwa daliget ne, jam'iyya ɗaya ta ɗauko mutum uku-uku daga kowace ƙaramar hukuma, ɗayar mutum ɗai-ɗai. Watau mutanen da ba su cika dubu huɗu ba, a dare biyu a Abuja, su ne suka yanke wa masu rajista miliyan 93 waɗanda za su gani a manyan gurabe biyu na takardar ƙuri'a. A Amurka mai kuɗi sai ya sha wahalar sayen talla don ya ruɗi miliyoyi. A nan an rage masa aiki, mutanen da zai nema duk sa shiga ɗaki guda.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun ji 'yan mazan jiya na ko'ina suna tantance gwaninsu, kada ku ɓata zumuncinku a kan wanda ya fi iya magana ko wanda ya fi yawan ambaton Allah. Ku saurari tonon asirin da suke yi wa juna, ku ajiye shi, zai yi mana amfani ran kamfe. In wani ya zo rumfarku yana tallan ɗayansu, ku yi masa tambaya ɗaya: wa ya saya masa takardar? In ya ce wai abokai ne suka haɗa, ku ce a faɗi sunayen abokan, a kuma faɗi sana'arsu. Mai shigo da shinkafa ne, ko ɗan kwangilar hanya, ko mai neman lasin mai? Daga nan za ku san wanda za a yi wa aski in an hau, za ku kuma san kan wa za a aske da kuɗin rumfa da harajin ƙofar kasuwa.

Maganar ba ta tsaya a gidan wasu ba, ta shafi namu gidan. Jam'iyyar talakawa ma tana iya kamuwa da wannan cuta, ranar da ta fara jiran wani mai babbar riga ya biya mata hayar ofis da kuɗin mota. Wannan jarida tana kira ga shugabanninmu, tun daga na ƙasa har na unguwa, cewa duk wanda zai tsaya mana takara, ko ta kansila ce ko ta shugaban ƙasa, 'yan jam'iyya masu kati ne za su fid da shi, kowa a mazaɓarsa, a ƙirga a gaban jama'a a rubuta a manna a bango. Kuɗin takarda kada ya wuce abin da malamin makaranta ko mai shago zai iya biya. Duk wanda ya ba ɗan takararmu gudummawa mai kauri, a karanta sunansa da adadin a taron reshe. Ku kuma membobi, ba za ku ce a ji muryarku ba alhali wani ne ke ciyar da jam'iyyar. Kowa ya duba katinsa, wanda ake bi kuɗin wata ya kai wa ma'aji ya karɓi rasit. Sarakunan kasuwa da shugabannin mata na kowane layi su tabbata an rubuta sunan kowane memba cikin littafin reshe kafin taro na gaba, a kuma zo da littafin wurin taron a karanta shi a bainar jama'a, don kada ranar fid da gwani a ce ba a ga sunan wani ba.